Alhamis ɗin da Na Tare Ƙofa

Hafsatu, wannan babi naki ne, ko da yake sauran ƙannenmu da 'ya'yan da Allah zai ba mu suna iya karantawa. Na san shekaruna ba su kai na mai rubuta tarihin rayuwa ba. Ban cika talatin ba, ban kuma yi wani abin a zo a gani ba bayan takardar jami'a da na karɓo. Amma akwai shekara guda da aka daɗe ana ba da labarinta ba daidai ba a danginmu, kuma ina cikin mutum uku da suka rage a duniya waɗanda suka san yadda aka yi. Na zaɓi rubutu a kan magana saboda dalilin da kika sani: abin da aka faɗa miki da baki, rabinsa yakan faɗa kunnen da ba ya ji, ki yi murmushi ki gyaɗa kai don kada a ce kin cika sa a maimaita. Abin da ke takarda kuwa zai jira ki har ki gama. Na ɗaukar wa kaina sharaɗi: abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ambaci wanda ya gaya mini, inda na manta kuma zan ce na manta. Allah ya tsare ni daga ƙari da ragi.

Abin da ya zaunar da ni kan wannan aiki ya faru ne wata biyu da suka wuce, da na zo hutu gida a Tsohon Birnin Gwari. Inna, mahaifiyarmu, ta bar miki miya a wuta ta shiga wanka. Ta kira ki sau uku daga bayan ɗaki ki sauke, kina zaune kin ba ƙofar baya, ba ki ji ba, miyar ta kama. Da ta fito tana faɗa, sai kika ɗago kai, da shekarunki goma sha huɗu, kika ce:

"Da kin kai ni allura, ai da na ji ki."

Inna ta ɗauki tukunyar ta tsuguna bakin rariya tana kankare ƙanzo, ta daɗe tana kankarewa bayan tukunyar ta yi fes. Ba ke kika ƙirƙiri maganar ba, na sani. Daga bakin dangin Baba kika ɗauko ta, domin tun kina goye ake cewa sakacin uwarki ne ya sa ƙyanda ta cinye miki kunne. To, ga yadda aka yi.

A lokacin muna zaune a ƙauyenmu na asali, cikin gundumar Gayam, ina da shekara goma sha biyar, ke kuma kina da wata tara. Dole in fara da gyara wani kuskure da baƙi kan yi idan suka ji labarinki: Baba bai taɓa hana rigakafi ba. A garin da wasu maza kan rufe ƙofa idan sun ji motsin masu allura, shi ne mai tuna wa matan gida ranar. Ƙanensa da yake ƙauna ya rasu da ƙyanda suna yara, ya kuma sha ba mu labarin yadda aka hana shi shiga ɗakin. Shi ne kuma ya tsaya na yi boko alhali 'yan'uwansa suna ganin asarar lokaci ce. Wannan gaskiya ce. Wata gaskiyar kuma ita ce yana dukan Inna. A gidanmu ba a kiran abin da sunansa. "Babanku ya yi faɗa" ake cewa, washegari kuma idan maƙwabciya ta shigo ɗibar wuta, sai Inna ta ce ƙofa ce ta buge ta, ko santsi ya kwashe ta a bakin rijiya. Ƙofar ɗakin Inna ta langa-langa ce marar nauyi, kowa ya san ba ta iya fasa leɓe. Amma maƙwabciyar takan ce sannu, Allah ya kiyaye gaba, ta ɗauki garwashinta ta fita.

Mai yi mana allura ita ce Malama Saratu, ma'aikaciyar lafiya 'yar Gbagyi, gajeriya mai ƙarfin murya, wadda Hausarta ke fita da wani amo na harshensu. Alhamis ɗin farko ta kowane wata ɗan acaba kan kawo ta daga Gayam da akwatin ƙanƙara a cinya, ta shimfiɗa kayanta a gindin ɗorawar da ke ƙofar gidan mai unguwa. Matan gari su zo, matan Fulani su gangaro daga rugage da goyonsu. Ni nakan zauna kusa da ita idan babu makaranta, ina karanta wa mata abin da ke katinsu, har ta sa mini suna Rabi 'yar boko. Akwai abu biyu game da aikinta da ya kamata ki fahimta, domin a kansu komai ya rataya. Na farko, allurar ƙyanda da ake yi wa yaro a wata tara tana zuwa ne a kwalba mai ɗauke da rabon yara goma, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, sa'o'i kaɗan take yi ta lalace; saboda haka sau ɗaya ake buɗe ta, a wannan rana kaɗai. Na biyu, Malama Saratu ba ta yarda ta zubar da ragowa alhali akwai sunan yaro a littafinta da bai zo ba. Idan mata suka watse, sai ta ɗauki akwatin ta bi gida gida. Mutane suna yaba mata a kan haka, ni ma ina yabawa.

Ranar Laraba, jajibirin allurarki, da hantsi Baba ya ce wa Inna a gabana:

"Gobe Alhamis ce ta allura. Yarinyar nan ta cika wata tara. Kada in ji an ce an manta."

Lokacin kaka ne. A shekarar, mutanen daji masu bindiga sun aiko cewa kada wanda ya kuskura ya girbe gonakin da ke gefen dajin, kuma a can babbar gonar Baba take, masara ta nuna tana tsaye ba mai taɓawa. Abin da muka samu shi ne ɗan waken gonar bayan gida, shi Inna ta shanya a tsakar gida a kan buhuna. Da la'asar awakin maƙwabta suka shigo ta ɓarakar danga tana ɗaki tana ba ki nono. Ban ga farkon abin ba, ina rijiya. Da na shigo da tulu na tarar da wake warwatse a ƙasa, Baba yana tsaye yana haki, Inna tana durƙushe jikin bango ta rufe fuska da hannu biyu, ke kuma kina ɗaki kina tsala kuka. Na ambaci maganar gona ne domin ta faru, ba don ta zama uzuri ba. A shekarun da rumbu ya cika ma ya yi duka.

Da gari ya waye Baba ya hau babur ya tafi kasuwa. Idon Inna na dama ya kumbura ya rufe, gefen fuskar ya yi baƙi har zuwa kunci. Ta gasa da ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗanya, ta rangaɗa kwalli a ɗayan idon wai ko za su yi kama. Ta yi miki wanka, ta sa miki rigar nan mai ruwan ɗorawa, ta ciro katinki daga cikin kwalla ta ajiye a bakin gado. Sannan ta zura hijabi ta jawo shi gaba sosai, ta juyo gare ni. Kin san ba ta kiran sunana, kasancewata 'yar fari.

"Ke, dube ni da kyau. Ana gani?"

Na ce, "Ana gani, Inna."

"Ko na sunkuyar da kai?"

"Ko kin sunkuyar."

Ta zauna a bakin gado. Na ce ta ba ni ke in kai ki, tunda na san komai na wurin. Ta girgiza kai.

"Saratu za ta ce ina uwarta. Me za ki ce mata a gaban matan gari duka? Ta kuwa taso ta zo duba ni, kin san halinta. A bari sai wata mai zuwa. Wata guda ba komai ba ne."

Mu duka biyu mun manta, ko mun ƙi tunawa, cewa ko an je ko ba a je ba, Malama Saratu tana zuwa. Wajen azahar na ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida, sai sallamarta. Inna ta dube ni da idon nan guda, ta ja labule. Ba ta ce mini komai ba. Ina so ki riƙe wannan, domin nan gaba za ki ji an faɗi saɓaninsa: ba ta ce in fita ba, ba ta ce in faɗi wani abu ba. Ni na tashi da kaina na ruga zaure, na tsaya a tsakiyar ƙofa na dafa gefe da gefe.

"Rabi 'yar boko, yau kin guje ni, na rasa magatakarda," in ji ta. "Ina ƙawata Hafsatu? Muna da alƙawari da ita, ta bar ni ina ta shanya baki a gindin ɗorawa."

Na ce, "Malama, ai an yi mata."

"An yi mata? A ina?"

"A Kazage. Da muka je suna makon jiya, masu allura suka zo, Inna ta ce a yi mata gaba ɗaya a huta."

Zuwa suna Kazage gaskiya ne, duk gari ya san mun je. Sauran na ƙaga shi ne a tsaye a wurin, kuma har yau ina mamakin yadda ya fito a tsare ba gargada.

"To, kawo katin in gani."

"Yana akwatin Inna, ita kuma ta kwanta, kanta ke ciwo."

"Ashsha. Bari in leƙa in yi mata sannu, ina da maganin ciwon kai."

"Baba ya ce kada a tashe ta."

Ban kauce ba. Ta dube ni, ta dubi hannuwana da ke jikin ƙofa, ta dubi tsakar gida ta saman kafaɗata. Sannan ta ajiye akwatin a ƙasa, ta buɗe babban littafinta a kan gwiwa, ta zaro abin rubutu daga ɗankwalinta ta yi alama a gaban sunanki.

"Da wata ce da sai na ga kati," ta ce. "Amma ke ba kya ƙarya. Ga rabon yara biyu ya rage a kwalba, zubarwa zan yi. Ki gaida mamanki."

Babur ya tashi. Allurarki ta zo har ƙofar gidanmu, taku goma sha biyar tsakaninta da ke. Na auna daga baya, da na koma kangon gidan. Ni na mayar da ita.

Da magariba Baba ya dawo. Ya ajiye ƙullin kifi da wata 'yar kwalbar man zafi a bakin ƙofar Inna bai ce komai ba. Haka yake ba da haƙuri. Daga tsakar gida ya ɗaga murya:

"An kai ta?"

Inna ta ce, "An kai."

"Ta yi kuka?"

"Kaɗan."

Ya ɗauke ki yana yi miki wasa, yana cewa jaruma ce, ta fi yayarta da ta tara wa mutane gari ranar tata allurar. Da wannan amsa ta Inna ƙofa ta biyu ta rufe. Ba na ganin laifinta. Idon bai ko fara sacewa ba, kuma ta san abin da "ba a kai ba" zai jawo. Amma daga ranar, kai ki allura ya zama tona asirin ƙarya biyu. Gindin ɗorawar nan yana fuskantar dakalin da maza ke zama. Duk matar da ta je, kafin la'asar wani ya ce wa mijinta ya ga iyalinsa wurin allura, Baba kuwa ya san jadawalin sarai, ya san babu abin da ya rage miki a wannan tsakanin.

Wata mai zuwa da Inna ta dogara da shi bai zo da Malama Saratu ba. Hanyar Gayam ta lalace da tare mutane, 'yan acaba suka daina bi. Wata biyu ta yi ba ta zo ba, ko uku. Na tambayi mutum biyu sun saɓa, ni kuma ban riƙe ba. Da ta dawo, na ga Inna sau biyu ta yi miki wanka ranar Alhamis, ta ciro katin, ta tsaya a zaure, ta komo. Ni kuwa na daina zuwa karanta kati. Nakan zaga ta bayan masallaci don kada mu haɗu. Ina gaya wa kaina tsoron abin da zai sami Inna nake yi, kuma akwai wannan. Amma akwai wani tsoron da ya fi shi ƙanƙanta da muni: kada matar da ta ce ba na ƙarya ta gane na yi. Kullum ina cewa akwai lokaci, ga ki da ƙiba, kina rarrafe kina cin ƙasa, ba abin da ke damunki.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari. Ta fara miki da zazzaɓi da tari, idanu suka yi ja suna ruwa, sannan ƙuraje suka feso daga bayan kunne suka rufe jiki. A kwana na biyar numfashinki ya sauya. Baba ya ɗauki Inna a babur kina ɗaure a bayanta, ya bi hanyar da kowa ke tsoro har asibitin Birnin Gwari, da rana tsaka, bai jira ayari ba. Kin rayu. Amma kunnuwanki suka yi makonni suna zubar da ruwa, kuma wata rana tasa ta suɓuce mini ta faɗi dab da bayanki, kaji suka watse, ke ba ki ko waiga ba. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ya rage kaɗan. Da na girma na tambayi wani likita ko allurar za ta hana. Ya ce ba mai iya rantsuwa a kan yaro guda, amma mafi rinjaye da ba ki kamu ba, ko da kin kamu da ba ta yi tsanani haka ba. Na rubuta yadda ya faɗa, ban ƙarfafa ba, ban sassauta ba.

Akwai wata ɓarnar da ban taɓa hange ba. A dakalin maza aka fara cewa: ga 'yar gidan wane, ubanta ya fi kowa son allura, an yi mata, ga shi ta fi kowa shan wuya. Wasu suka hana matansu zuwa. Alhamis ɗin da ta biyo baya, na hango Malama Saratu daga nesa ta zauna da akwatinta har rana ta take, mata ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ba ta ma buɗe kwalbar ƙyanda ba.

Asirin ya tonu ne da aka koma asibiti duba kunnen, aka ce a zo da kati. Wata ma'aikaciya ta nuna wa Baba layin wata tara, fari fat. Ya dawo gida ya tarar da Gwaggo Asabe, yayarsa, ta zo dubiya. A tsakar gida ya miƙa wa Inna katin.

"Kin ce an kai ta."

"Na manta ne," in ji Inna. "Da na tuna an watse. Na ji tsoron faɗa maka."

"Saratu tana bi gida gida. Ba ta zo ba?"

"Ta zo. Ni na ce a ce mata an yi."

Ina tsaye jikin turmi, tsakanina da su bai fi tsawon tabarma ba. Kalma huɗu ko biyar ta isa. Bakina bai buɗe ba.

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Mantuwa? Yarinya guda a hannunki, ba noma kike ba, ba kasuwa kike ba. Wannan ai sakaci ne, a kira shi da sunansa. Kin kurmantar da 'yar mutane kina zaune."

Na jira duka, bai zo ba. Baba ya zauna a kan kujerar tsuguno yana juya katin, leɓunansa suna motsi kamar mai ƙirga watanni. Ina zaton ya gano wace Alhamis ce, da abin da ya faru ranar Larabarta. Zato ne, ban ji daga bakinsa ba. Abin da na sani shi ne ya yi shiru, Gwaggo kuma ta fita da labarin ta raba shi gida gida. Abin takaici, labarin nata ya yi amfani: da aka ji ashe ba a yi miki allurar ba, maza suka sake barin matansu zuwa gindin ɗorawa. An wanke allura, aka shafa wa Inna. Baba ya rayu shekara goma bayan haka, ya kwashe mu zuwa Tsohon Birnin Gwari da ƙauyen ya tashi, ya riƙa zaunar da ke a damansa yana magana a hankali dab da kunnenki, ya yi rashin lafiya, Inna ta yi jinyarsa har ya cika. Duka ya ragu, bai ƙare ba. Kuma ko sau ɗaya bai ce wa 'yan'uwansa su bar maganar sakaci ba. Ina yi masa addu'a kullum, Allah ya gafarta masa. Amma a cikin abubuwan da ya yi, wannan shirun ne na fi kasa ajiyewa, wataƙila don irin nawa ne.

Kafin in rubuta wannan na nemi Malama Saratu, domin ban so in sa mata magana a baki. Ta yi ritaya, tana zaune cikin Birnin Gwari tana kiwon kaji, gashinta ya yi fari. Ta gane ni kafin in gama sallama.

"Magatakardata da ta gudu ba sallama. An ce kin zama babbar 'yar boko yanzu."

Na zauna na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Ta bar ni na kai ƙarshe, tana watsa wa kaji dusa.

"Rabi, tun da safe na ji a bakin mata cewa an yi faɗa a gidanku. Da na ga kin dafe ƙofa da hannu biyu, ai na gane. Kin tuna da me na yi alamar?"

Na ce ban lura ba.

"Da fensir. Wanda na yi da hannuna, biro nake sa masa. Wanda aka gaya mini ban gani ba, fensir, don in dawo in bincika. Na taɓa kutsawa wani gida a irin wannan hali, na ga fuskar matar, na yi wa mijin magana. Da na tafi ya ƙara mata, wai ta kai ƙararsa, ba ta sake kawo mini yaro ba. Sai na ce bari in ba mamanki wata guda fuskarta ta warke. Hanya ta rufe. Kafin in dawo an karɓi littafin an kwafe shi a sabo, wanda ya kwafa kuma biro ya sa wa kowa. Na dawo na tarar da aiki ya taru, na ga alama a gaban sunan, hankalina bai koma kai ba." Ta karkaɗe hannunta. "Da na ce miki a miƙo mini yarinyar nan zaure, ba sai na ga kowa ba, da an gama. Wannan dabarar ba ta zo mini ba sai bayan ƙyanda. Daga nan na riƙa yin haka har na bar aiki. Ki rubuta da ni a ciki."

Na rubuta.

Jiya da hantsi, kina makaranta, na karanta wa Inna dukan abin da ke sama, domin ba zan ba ki shi ba sai da izininta. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba har na gama. Na ce idan ta ce in yaga, zan yaga.

"Mutumin ya mutu," ta ce. "Ubanta ne."

"Ubana ne ni ma, Inna."

Ta ɗan jima tana tura tsakuwa gefe da ɗan yatsa.

"Akwai kuskure biyu a ciki. Ba idon dama ba ne, na hagu ne. Ke kina kallona ne, shi ya sa kika juya shi."

Na ce zan gyara. Na tambayi na biyun.

"Kin rubuta kamar ke kaɗai ce a ƙofar. Ina bayan labule da ita a kafaɗata, ina jijjiga ta don kada ta yi kuka Saratu ta ji. Duk abin da kika faɗa na ji. Muryata tana kaiwa zaure daga nan, in ce shigo, ko in ce zo ki karɓe ta. Da babur ya tashi, alhamdu lillahi na ce. Har cikin raina na faɗe shi. Ki sa wannan, in dai gaskiyar kike so."

Na ce, "Inna, don a wanke ki na rubuta."

"Ban ce ki wanke ni ba. Ta san ban manta da ita ba, shi ke nan. Na yi mata wanka ranar, na sa mata riga." Ta miƙa mini faifan in zubar da tsakuwar. "In za ki ba ta, kada ki ajiye mata ki tafi. Ki zauna har ta gama. Ta damanta za ki zauna, ko za ta tambaye ki wani abu."

Ban goge kuskuren idon a sama ba. Na bar shi yadda na tuna, ga gyaranta a nan, domin ki san wadda ta fi ni sani. Rigar mai ruwan ɗorawa tana nan a ƙasan kwallar Inna, tare da katin. Idan kin kai wannan layi, Hafsatu, ki ɗago kai. Ina damanki.